Tafiyar mai daga tanki zuwa buji: tarihin injin kwalekwale da cututtukansa

A bakin kogin Isa, wanda mutanen Kabi da Yawuri ke kira Kwara, da kuma gaɓar tafkin Cadi, akwai wata na'ura da ta zama ƴar gida har an manta cewa baƙuwa ce. Ita ce injin nan da ake maƙalawa a gindin kwalekwale, a ja igiya ya tashi, ya tura buhunan shinkafa da kwalayen banda da fasinjoji zuwa inda a da sai an wuni ana fama da filafili. Da yawa daga cikin waɗannan injuna sun tsufa, wasu ma sun girmi masu tuƙa su. Idan irinsu ya mutu a tsakiyar ruwa, abubuwa uku makanike ke tuhuma: ko wuta ba ta zuwa buji, ko silinda ta daina matse iska, ko kuwa mai ba ya isowa. Na ukun shi ne mai yawan laifi. Tafiyar da mai ke yi daga tanki zuwa inda zai ƙone ba ta wuce mita biyu ko uku ba, amma sai da maƙera suka shafe kusan rabin ƙarni kafin su daidaita ta, kuma kowace dabara da suka fito da ita ta zo da irin ciwonta.

Injin farko da aka rataya a bayan jirgi bai san mai ba sam. Wani Bafaranshe mai suna Gustave Trouvé ne ya gwada shi a kogin Sen, cikin birnin Paris, a 1881, kuma da lantarki yake aiki. Baturan wancan zamani nauyi gare su, ga saurin ƙarewa. Daga baya, a Amurka, aka haɗa dabarar da isansi. Cameron Waterman ya gwada nasa a kogin Detroit a 1905. Wanda sunansa ya bi duniya kuwa shi ne Ole Evinrude, haifaffen Norwe a 1877, wanda iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa jihar Wisconsin yana yaro. A 1909 ya fara sayar da injinsa a birnin Milwaukee: silinda ɗaya, ƙarfin doki ɗaya da rabi, nauyinsa kimanin kilo 28. Kamfanin ya daɗe yana ba da labarin cewa daskararriyar madara mai zaƙi ce Ole ya tsallaka tafki da filafili ya sayo wa budurwarsa Bess, kafin ya dawo ta narke, haushi ya sa shi ƙera inji. Labari ne mai daɗin talla. Abin da ya tabbata shi ne Bess, wadda ta zama matarsa, ita ta riƙe lissafi da tallar kamfanin, kuma rashin lafiyarta ce ta sa ya sayar da kasonsa bayan ƴan shekaru, kafin ya dawo da sabon inji mai silinda biyu a farkon shekarun 1920.

A waɗannan injuna na farko, tankin mai yana zaune ne a bisa kan injin, kusa da faifan ƙarfen da ake juyawa don tayar da shi. Babu famfo, babu dogon tiyo. Mai yana gangarowa da nauyinsa ta wani ɗan bututun tagulla, ya bi ta makunni, ya shiga inda zai gauraya da iska. Sauƙin wannan tsari ya sa cututtukansa ba su da yawa, kuma babba a cikinsu duk mai shayi ya san shi ko da bai taɓa ganin kogi ba. Idan aka huda gwangwanin madara wuri ɗaya, madarar takan fito kaɗan ta tsaya. Sai an ƙara huda ta biyu, iska ta shiga, sannan ta zubo. Haka tankin mai yake. A murfinsa akwai ƴar ƙusa da ake kwancewa don iska ta maye gurbin man da ya fita. Wanda ya manta bai kwance ta ba, injinsa zai tashi lafiya lau, ya yi ƴan mintoci yana gudu, sai ya fara shessheƙa ya mutu, daidai lokacin da jirgi ya yi nisa da gaɓa. In an bar shi ya huta, iska ta sulala ciki, sai ya sake tashi ya sake mutuwa. An kwance injuna masu lafiya barkatai a kan wannan ƴar ƙusa, kuma har yau ana kwancewa.

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa yunwar mai ta fi haɗari a wannan inji fiye da a mota. Injin mota yana da rijiyar baƙin mai a ƙasansa, ƙarafunansa suna wanka a ciki. Tsohon injin kwalekwale, irin mai bugu biyu, ba shi da ita. Ana zuba man shafawar ne a cikin isansin, su bi hanya ɗaya, su ratsa kogon da ke ƙarƙashin fistan, su shafe ƙarafuna kafin su hau silinda su ƙone. Ke nan duk abin da ya rage mai ya rage shafawa. Injin da ke samun iska da yawa da mai kaɗan yakan yi ƙara mai kaifi kamar ya ƙara lafiya, alhali zafi ne ke cin sa, har fistan ya kumbura ya kafe a cikin silinda. A inji mai karbirato biyu abin ya fi muni, domin ɗaya na iya toshewa ɗayar ta ci gaba da jan jirgi, silindar da ke jin yunwa tana ta gogar ƙarfe a bushe. Yawan man da ake zubawa ya yi ta sauyawa da zamani: injunan Johnson da Evinrude sun daɗe a kan lita 1 cikin lita 24 na isansi, sai a 1964 suka koma 1 cikin 50. Wanda ya ba injin 1955 haɗin injin 1975 ya cuce shi, ko da tiyonsa da karbiratonsa tsaf suke.

Ɗaya daga cikin injunan da suka daɗe a kan tsarin tanki a bisa kai shi ne British Seagull na Ingila. An fara ƙera shi a Wolverhampton a 1931, daga baya aka koma garin Poole a bakin teku, aka ci gaba har 1996 ba tare da an sauya masa kama sosai ba. Lita 1 ta man shafawa cikin lita 10 na isansi yake sha, sai a ƙarshen shekarun 1970 aka rage zuwa 1 cikin 25, don haka hayaƙi da maiƙo ke bin sa duk inda ya bi. Amma mutum na iya bin hanyar mansa da ido tun daga murfi har buji. A jikin karbiratonsa akwai ɗan maɓalli da ake dannawa har mai ya tsiyayo waje: in ya tsiyayo, an san daga tanki zuwa nan babu matsala, in bai tsiyayo ba, ba sai an taɓa buji ba. Da wuya a samu wata na'ura da ta sauƙaƙa wa mai ita bincike kamar wannan.

Ita karbirato, wadda maƙwabta a Najeriya ke kira kafireta, ba ta zo a cike tun farko ba. Injunan Evinrude na fari wani bawul kawai gare su da iska ke ɗagawa ta ɗebi mai. Daga baya aka yi wa abin ɗan kwano da mai ke taruwa a ciki, da wani abu mai iyo a kansa kamar goran masunci. In kwanon ya cika, mai iyon ya taso ya tura allura ta toshe ƙofar shigowa. In mai ya ragu, ya sauka, ƙofa ta buɗe. Daga kwanon, iskar da inji ke zuƙa tana jan mai ta wasu ƴan ramuka na tagulla, waɗanda makanikan Nijar ke kira da sunansu na Faransanci, gicleur. Shekaru da dama ana yin mai iyon da ɓawon itacen nan mara nauyi da ake toshe kwalba da shi, a shafe shi da wani ƙaro mai suna shelak don kada ya sha mai. Wannan shafi zai dawo cikin labarin.

Babban juyi ya zo a 1949, lokacin da kamfanin Johnson ya fito da wani inji mai ƙarfin doki 10 da ke da giyar gaba da ta baya, tankinsa kuma a ajiye cikin jirgi, ba a bisa kansa ba. Dole ce ta kawo haka. Injuna sun ƙara girma da ƙishirwa, tankin da zai ishe su ya fi ƙarfin a ɗora musu a ka, kuma zuba mai a kan inji mai zafi a tsakiyar igiyar ruwa ya ƙona jirage ba kaɗan ba. Sai dai ruwa ba ya hawa tudu, haka ma mai. Dabarar da aka yi ita ce a tura shi da iska. Tiyo biyu ne a manne: ɗaya yana ɗauko numfashin da fistan ke matsawa a ƙasan inji ya kai shi cikin tanki, tankin ya cika da iska kamar tayar keke, sai ta turo mai ta ɗayan tiyon zuwa karbirato.

A nan ne ilimin gyara ya juya baya gaba. A tsohon tsari, murfin tanki dole ya yi numfashi. A wannan, dole ya rufe ruf, domin ko ƴar tsaga ce a robar murfin, iskar za ta tsere, mai ya daina hawa. Alamar ciwon iri ɗaya ce, wato inji ya tashi, ya yi ɗan gudu, ya mutu, amma maganin kishiyar na da ne. Makaniken da ya saba da kwance murfi don inji ya sha iska, in ya yi wa wannan haka ya ƙarasa kashe shi. Ga kuma haɗari: man da ke ƙarƙashin matsi ba ya ɗiga, feshi yake yi, kuma tankin da ya wuni a rana yana iya watsa wa mai buɗe shi isansi a fuska. Tsarin bai wuce shekara goma da ƴan kai ba. Zuwa 1960 an bar shi, ko da yake masu tara tsofaffin injuna a Amurka suna nan suna lallaɓa tankunansa.

Abin da ya gaje shi shi ne wanda ke kan kogunanmu a yau: tiyo ɗaya, ƙwallon roba a tsakiyarsa, da ɗan famfo a jikin inji. Famfon ba shi da giya ko lantarki. Wani tantanin roba ne siriri, wanda numfashin ƙasan inji ke turawa yana jawowa sau ɗaya a kowane juyi, wato wajen sau 5000 a minti in an buɗe wuta, da wasu ƴan ƙofofi biyu da ke barin mai ya wuce gaba su hana shi komawa. Murfin tanki ya koma yin numfashi kamar a zamanin Ole. Amma sabon ciwo ya shigo, kuma ya fi na baya ɓuya. Tunda yanzu zuƙo mai ake yi, tiyon da ya tsage ba ya zubar da komai. Iska yake sha. Ba a ganin ɗigo, ba a jin wari, sai dai inji ya yi ta haki in an ƙara masa wuta. Sau da yawa laifin yana ga ƴar zoben robar da ke cikin mahaɗin tiyo da inji, abin da bai kai girman ƙwabo ba.

Shi ƙwallon robar an yi shi ne don a cika karbirato kafin a ja igiya, amma masu gyara sun mayar da shi ma'aunin ciwo, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Jikinsa akwai kibiya da ke nuna wajen inji; in an juya shi baibai ba abin da zai wuce. Ana matsa shi har ya yi tauri, alamar kwanon karbirato ya cika allura ta rufe. In an yi ta matsawa bai yi tauri ba, ko dai iska na shiga ta wani wuri, ko ƙofofin cikinsa sun mutu, ko kuwa allurar ba ta rufewa, wanda a nan za a ga mai na tsiyaya daga bakin karbirato. In inji na gudu sai ƙwallon ya lotse ya manne, to toshiyar tana bayansa ne, wajen tanki: ko ramin numfashi, ko ƴar ragar da ke bakin bututun da ke tsotso daga ƙasan tanki. In kuwa inji na shirin mutuwa, aka matsa ƙwallon ya farfaɗo, aka bari ya sake suma, hannun mutum ne ke yin aikin famfo, ke nan famfon ya gaji. An sha kawo jirgi gaɓa da wannan dabara, yaro na matsa ƙwallo, uba na riƙe da tuƙi. Akwai kuma yaudarar da tantanin ke yi in ya yage: mai ya bi ta yagar ya faɗa kai tsaye cikin ƙasan inji, buji ɗaya ya yi baƙi ya jiƙe, hayaƙi ya turnuƙe, sai a yi ta sayen sababbin buji ana zargin wuta.

Wannan tsari na uku ne Japanawa suka tarar kuma suka yaɗa. Tohatsu ya fara a 1956, Yamaha a 1960 da wani inji mai suna P-7. Turawan Amurka masu yawon shaƙatawa a tafki suke ƙera wa inji; Japanawa kuwa sun lura da masuntan ƙasashe matalauta, waɗanda ke kunna inji tun asuba har dare a ruwa mai laka. Daga nan aka samu jerin Enduro na Yamaha, masu doki 15, 25 da 40, har da waɗanda aka yi wa masuntan Indiya da Sri Lanka, masu tashi da isansi su koma kananzir in sun yi zafi. A Afirka ta Yamma, masuntan teku na Gana da Senegal ne suka fara ɗaura inji a kwalekwale tun shekarun 1950, kuma a Gana hukuma ta ɗauki nauyin sayar musu da haɗaɗɗen mai a farashi mai rangwame tun shekarun 1990. A hankali injin ya hau koguna. A tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963 kafin fari ya janye shi daga N'Gigmi, jiragen ciyawa na Buduma ba su da inda za a maƙala inji. Sai na katako, irin waɗanda Sarkawa da sauran masuntan Hausa suka saba da su.

A wannan yanki, babban abokin gabar injin shi ne man kansa. Shekara da shekaru kudancin Nijar ya rayu a kan isansin Najeriya da ake tsallakowa da shi a bido da duro, a sayar a kwalabe a bakin hanya, wanda a Damagaram da Maraɗi ake kira ruwa-ruwa. Buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram a Nuwamban 2011, da janye tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023, sun sauya lissafin wannan ciniki, amma mai jirgi a ƙauyen bakin ruwa har yanzu daga bido yake sha. Kowane juyi daga mazubi zuwa mazubi yana ƙara ƙura, tsatsa da ruwa. Ruwa ya fi isansi nauyi, don haka yakan kwanta a gindin tanki, daidai inda bututu ke tsotsowa, ya taru a kwanon karbirato, ya tsaya a bakin ramin tagulla kamar ƙwayar gero. Gwajinsa bai buƙatar komai sai farar kwalba: a tsiyaya mai a ciki a ajiye, in akwai ruwa za a gan shi ya ware a ƙasa. Sannan akwai ciwon ajiya. Injin da aka jingine wata uku ko huɗu lokacin da kogi ya ja baya, da sauran mai a cikinsa, zafi yakan busar da man ya bar wani danƙo mai kama da ƙaro a cikin ramukan. Shi ya sa tsofaffin matuƙa ke cire tiyo su bar inji ya ƙone abin da ke kwanonsa ya mutu da kansa kafin su ajiye shi.

Ramukan nan biyu ne, kuma kowane da muryarsa. Ƙaramin yana ciyar da inji lokacin da yake tafiya a hankali, babban kuma lokacin gudu. Injin da ke gudu lafiya amma ya mutu da an sassauta masa, ƙaramin ne ya toshe. Wanda ke zaune lafiya a hankali amma ya nutse da an buɗe masa wuta, babban ne, ko kuma mai ba ya isowa da yawan da ake buƙata. In kuwa sai an maƙure masa iska da cok yake tafiya, ya faɗi da bakinsa cewa mai ya yi masa kaɗan. A injunan shekarun 1950 akwai maɓallai biyu a gaba da matuƙi ke murɗawa ya daidaita man da kunnensa. A shekarun 1960 aka fara maye babban da rami mai tsayayyen awo, saboda masu jirgi na yawan ƙona injuna da murɗe-murɗe. Mummunar al'adar da ta rage ita ce zura allurar ɗinki ko wayar ƙarfe a ramin don a buɗe shi. Tagulla ta fi ƙarfe taushi, ramin yakan faɗaɗa, injin ya tashi a ranar, mai shi ya yi godiya, daga nan kuma ya yi ta shan mai fiye da ƙima har ƙarshen rayuwarsa. Jiƙawa a mai mai tsabta da hurawa da iska sun fi jinkiri, amma ba su ɓata awo.

Shelak ɗin nan ya dawo ne ta wata hanya da maƙeransa ba su zata ba. Bayan dokar makamashi ta 2005, isansin Amurka ya koma ɗauke da etanol, barasar masara, kusan kashi 10 cikin 100. Barasa tana narkar da shelak, mai iyon ya sha mai ya nutse, karbirato ta yi ambaliya. Tana cin tsohuwar roba, tiyo ya ruɓe daga ciki alhali bayansa sumul, ɓarɓashinsa ya tafi ya toshe ramuka. Tana kuma jan danshi daga iska, in ya yi yawa sai ita da ruwan su ware su kwanta a gindin tanki, ba tare da man shafawa a cikinsu ba. Najeriya ta ɗanɗana makamancin haka a Fabrairun 2022, bayan da aka shigo da isansi daga Beljiyam mai ɗauke da metanol fiye da ƙima, har aka janye shi daga kasuwa bayan ya lalata motoci.

A ƙasashen da aka haife shi, zamanin wannan inji ya wuce. Daga 1998 dokokin hayaƙi na Amurka suka fara matse masu bugu biyu da karbirato, aka koma masu bugu huɗu da masu feshin mai da kwamfuta ke sarrafawa. Kamfanin OMC, wanda ya haɗa Johnson da Evinrude tun shekarun 1930, ya karye a Disamban 2000. Kamfanin Bombardier na Kanada ya sayi sunayen a 2001, a 2020 kuma aka daina ƙera Evinrude kwata-kwata. Sababbin injunan sun fi tsimin mai, sun fi tsabtar ruwa, sai dai in sun tsaya kwamfuta ce ke faɗin ciwonsu, kuma ɗigon ruwa a cikin mai yana iya kashe musu abin da ya fi kuɗin buhunan kifi da yawa. Saboda haka har yanzu Yamaha na ƙera Enduro mai karbirato don kasuwannin Afirka da Asiya, da famfonsa na tantanin roba da ƙwallonsa mai kibiya, kusan yadda aka tsara su shekara sittin da suka wuce. Kayan gyaran hanyar mansa gaba ɗaya, wato tantani, zoben roba, allura da ramukan tagulla biyu, suna shiga cikin gwangwanin tumatir guda.